Kuɗin Korona Da Manoman Amurka: Yadda Dokar 1933 Ta Raba Tallafin 2020

1/ A watan Afrilun 2020 manoman Amurka suna tuttular da madara a ƙasa, suna binne albasa, suna karkashe aladu a garke. A wannan watan dai, motoci kusan dubu 10 suka yi layi a San Antonio ta jihar Texas don karɓar abincin agaji. Gwamnati ta fitar da biliyoyin daloli don ceto manoma. Wa ya samu, wa aka bari? Zaren na da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Kafin mu je 2020 sai mun koma 1933. Dalili kuwa, hanyar da kuɗin korona suka bi har suka isa hannun manomi ba a lokacin korona aka share ta ba. Ofisoshin da suka yi rabon, rijistar da aka duba, asusun da aka ɗebo kuɗin, har da son kan da ke cikin tsarin, duk sun haura shekara 80.

3/ Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turai ta dogara da abincin Amurka. Farashi ya tashi, manoma suka ci bashi suka ƙaro gonaki da injina. Yaƙi na ƙarewa Turawa suka koma gonakinsu, farashi ya faɗi, bashi kuma yana nan daram. Kafin tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, manomin Amurka ya kusa shekara goma yana ɗanɗana kuɗarsa.

4/ Zuwa 1932 abu ya kai intaha. Masara ta yi arhar da wasu a Iowa da Nebraska suka koma cusa ta a murhu don jin ɗumi, saboda ta fi kwal sauƙi. Bankuna na ƙwace gonaki. Manoma suka fara tare hanya, su tsayar da motar madara su zubar da ita, wai ko ƙarancin kaya zai ɗaga farashi.

5/ Franklin Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933. Ranar 12 ga Mayu ya sa hannu a dokar daidaita noma, wadda aka fi sani da AAA. Lissafinsu mai sauƙi ne: kaya sun yi yawa shi ya sa suka yi arha, to gwamnati ta biya manomi ya rage noma. Eh, daidai kuka karanta. A biya ka don kada ka shuka.

6/ Matsalar ita ce lokacin da dokar ta fito an riga an yi shuka. Sai aka biya manoma suka kifar da auduga kimanin eka miliyan 10 tana tsaye a gona, aka yanka aladu kimanin miliyan 6, yawancinsu ƙanana. Duk wannan a ƙasar da mutane ke layin miyar sadaka. Jama'a suka yi caa a kan ministan noma, Henry Wallace.

7/ Surutun ya yi amfani. Kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar da za ta riƙa sayen rarar amfanin gona tana raba wa mabuƙata. Ku riƙe wannan, don za mu sake ganin sa a 2020 da sabon suna: gwamnati ta sayi abin da kasuwa ta kasa ɗauka, ta kai wa mai jin yunwa.

8/ Abu na biyu da aka kafa a 1933 shi ne CCC, a watan Oktoba. Kamfani ne na gwamnati da aka ba ikon ciyo bashi kai tsaye daga baitulmali don tallafa wa farashin amfanin gona. A yau yana iya ciyo har dala biliyan 30, majalisa kuma ta riƙa cike masa gurbin abin da ya kashe. Ministan noma na iya ɗiba ba sai ya jira sabuwar doka ba.

9/ Abu na uku shi ne kwamitocin gunduma. Washington ba ta san gonar kowa ba, don haka aka ce manoman kowace gunduma su zaɓi kwamitin da zai auna gonaki, ya tantance wa ya cancanta da nawa zai samu. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, wanda ya fi ƙasa da faɗa-a-ji shi ke zama a kwamiti.

10/ A jihohin kudu inda ake noman auduga, yawancin masu duƙawa a gona ba su ne masu gonar ba. Noman kashi-mu-raba suke yi: mai ƙasa ya ba ka fili da iri da bashin abinci, in an yi girbi a raba. Da yawansu baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka 'yanta a 1865, sai kuma talakawan farar fata.

11/ Toh, da sunan wa ake rubuta cakin gwamnati? Da sunan mai ƙasa. Doka ta ce ya ba ɗan rabo kasonsa, amma wa zai tilasta masa, alhali abokansa ne a kwamiti? Kuma tunda an biya shi ya rage noma, hannayen da yake buƙata sun ragu. Da yawa suka karɓi kuɗin, suka sallami masu yi musu noma, wasu suka sayi tarakta da shi.

12/ Kun ga kashin dankali ke nan. Dokar da aka yi don ceto manomi ita ta jefa dubban iyalai a titi. A 1934, a garin Tyronza na jihar Arkansas, 'yan rabo baƙaƙe da farare suka haɗu suka kafa ƙungiya ɗaya don neman haƙƙinsu, abin da ba a saba gani ba a kudun wancan zamanin. Sun sha duka da kora.

13/ A Janairun 1936 Kotun Ƙoli ta soke dokar, saboda harajin da aka ɗora wa masu sarrafa amfanin gona don biyan manoma. Majalisa ta sake fasalinta, ta fito da sabuwa a 1938. Daga nan tallafin noma ya zama ɗan gida. Kusan duk bayan shekara biyar ana sabunta babbar dokar noma, har gobe.

14/ Ƙa'ida ɗaya ta tsallake duk waɗannan sauye-sauyen: kuɗi na bin yawan eka da yawan amfani, ba ya bin yawan buƙata. Mai eka dubu biyar ya fi mai eka hamsin samu, ko da mai hamsin ɗin ne ke gab da rasa gonarsa. Mai babbar gona kuma ya yi amfani da tallafin ya saye gonar maƙwabci. Haka gonaki suka yi ta raguwa a adadi suna ƙaruwa a girma.

15/ Ku dubi alƙaluman baƙaƙen manoma. A ƙidayar 1920 sun haura dubu 900, wajen kashi 14 cikin 100 na manoman ƙasar. A ƙidayar noma ta 2017 ba su kai dubu 50 ba, ƙasa da kashi 2 cikin 100. Dalilan suna da yawa: ƙaura zuwa birane, injina, rikicin gadon ƙasa marar takarda. Amma ofishin noma na gunduma yana cikinsu.

16/ Yadda abin yake: manomi ya nemi bashin shuka, a ce fom ya ƙare, ko a riƙe takardarsa sai lokacin shuka ya wuce, ko a ba shi rabin abin da ya nema. In ya kasa biya a yi gwanjon gonar. A 1997 Timothy Pigford, manomi daga North Carolina, ya jagoranci ƙarar Ma'aikatar Noma kan irin wannan wariyar.

17/ A 1999 gwamnati ta amince da sulhu. Yawancin waɗanda suka yi nasara dala dubu 50 aka ba kowannensu, jimilla wajen dala biliyan 1. Waɗanda suka makara wajen shigar da ƙorafi sai a 2010 aka ware musu dala biliyan 1.25. Kuɗi ne, amma ba su dawo da gonar da aka riga aka yi gwanjonta ba.

18/ Saura mataki ɗaya mu iso korona. A 2018 Donald Trump ya shiga yaƙin haraji da Chaina, ita kuma ta rama a kan waken suyar Amurka. Don lallashin manoma, gwamnati ta ɗebo kimanin dala biliyan 23 daga CCC ta raba musu a 2018 da 2019. Wato korona ta tarar da injin rabon a kunne, da sunaye da lambobin asusu a hannu.

19/ Ranar 13 ga Maris 2020 aka ayyana dokar ta-ɓaci a Amurka. Cikin kwanaki makarantu, gidajen abinci da otal-otal suka rufe. Ga abin da ya kamata mu gane: kafin annobar, fiye da rabin kuɗin da Amurkawa ke kashewa a abinci a waje suke kashe shi, ba a girkin gida ba. Wannan kasuwar ce ta mutu dare ɗaya.

20/ Za ku ce ai mutane ba su daina ci ba, a kai kayan kantuna mana. Ba haka abin yake ba. Masana'antar da ke ɗura madara a ƙananan kwalaye don 'yan makaranta, ko take haɗa cuku a manyan buhuna don gidajen abinci, ba ta da injin ɗura wa kanti. Sauya layin aiki na cin kuɗi da watanni. Saniya kuma ba ta san kulle ba, kullum sai an tatse ta.

21/ Babbar ƙungiyar masu madara ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a farkon Afrilu ana zubar da kimanin galan miliyan 3.7 kowace rana. A Idaho an haƙa ramuka an binne albasa. A Florida tarakta ta bi ta kan kabewa da wake da tumatir suna nunannu, don kuɗin tsinka da jigila ya fi abin da za a samu.

22/ Nama ya fi muni. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da manyan mayankun ƙasar, ma'aikata kuma kafaɗa da kafaɗa suke aiki. Cutar ta bazu a cikinsu. A Afrilu mayankar Smithfield da ke Sioux Falls, wadda ita kaɗai ke fitar da kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na naman aladen ƙasar, ta rufe. Wasu suka biyo baya.

23/ Alade in ya wuce nauyin da injin mayanka ke ɗauka ya zama asara, ga kuma sababbin 'ya'ya na jiran gurbi a garke. Manoma a Minnesota da Iowa suka koma kashe dabbobin da suka yi kiwo da hannunsu. Ranar 28 ga Afrilu Trump ya ba da umarnin mayanku su ci gaba da aiki. Ma'aikata da yawa sun kamu, wasu sun mutu.

24/ Masu masara ma ba su tsira ba. Sama da kashi ɗaya bisa uku na masarar Amurka man itanol ake yi da ita, a gauraya da fetur. Mutane suka daina tuƙi, masana'antun itanol suka tsaya, farashin masara ya sauka. Kun ga yadda kullen birni ke isa gonar da take nesa da shi da ɗaruruwan kilomita.

25/ Martanin gwamnati ya zo da sauri. Ranar 27 ga Maris aka sa hannu a dokar CARES ta sama da dala tiriliyan 2. A ciki an ware wa ministan noma dala biliyan 9.5, aka kuma cike wa CCC gurbin biliyan 14. Ranar 17 ga Afrilu minista Sonny Perdue ya sanar da shirin da ake kira CFAP.

26/ Dala biliyan 19 ne. Biliyan 16 kai tsaye zuwa asusun manoma: 9.5 daga sabuwar doka, 6.5 daga tsohon asusun Roosevelt. Sauran biliyan 3 kuma a sayi madara da nama da kayan lambu a zuba a kwalaye a raba wa iyalai. Kun tuna hukumar sayen rara ta 1933? Ita ce ta dawo da sabuwar riga.

27/ Ranar 26 ga Mayu aka buɗe karɓar fom a ofisoshin gunduma, waɗanda sun haura dubu 2 a faɗin ƙasar. Sharaɗi: farashin abin da kake nomawa ya faɗi da aƙalla kashi 5 cikin 100 tsakanin tsakiyar Janairu da tsakiyar Afrilu, ko ka yi asara saboda kasuwa ta toshe. Kyauta ce, ba bashi ba. Ana fara ba ka kashi 80, ragowar daga baya.

28/ Ga misalin lissafin. Kowane ƙosasshen sa da ka sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, dala 214. Kowane kan da ya rage a garkenka bayan nan, dala 33. Wanda ya riƙe shanunsa yana jiran kasuwa ta gyaru ya sayar ranar 16 ga Afrilu, ya faɗa a layin 33. Makiyaya sun yi ta ƙorafi a kan wannan kwana ɗayan.

29/ An sa iyaka: mutum ɗaya kada ya wuce dala dubu 250. Amma kamfanin da ke da masu hannun jari uku da ke aiki a gonar na iya kaiwa dubu 750. An kuma ce mai samun sama da dala dubu 900 a shekara bai cancanta ba, sai dai in kashi 75 na samunsa daga noma ne. Wato attajirin manomi ya wuce ta wannan ƙofar salin alin.

30/ Sakamakon bai ba wanda ya san tarihi mamaki ba. Da gidan talabijin na NBC ya bi diddigin kuɗin zagayen farko, ya gano kashi 1 cikin 100 na masu karɓa sun kwashi sama da kashi 20 na kuɗin. Kashi 10 na sama sun kwashi sama da kashi 60. Kashi 10 na ƙasa ba su samu ko rabin kashi ɗaya ba.

31/ A yi adalci, masu kare shirin suna da hujja. Sun ce manyan gonaki su ke samar da mafi yawan abincin ƙasar, su suka fi asara in aka ƙirga da dala, kuma in suka durƙushe kowa zai ji a kanti. Sun ce shirin maye asarar kasuwa ne, ba rabon sadaka ba. Kuma cikin makonni kuɗi suka shiga asusu, abin da ba ƙaramin aiki ba ne.

32/ Gaskiya ne. Sai dai asarar dala dubu 100 ga mai kadarar miliyoyi da asarar dubu 10 ga wanda ita ce duk jarinsa ba ɗaya ba ne. Na farko zai je banki a ɗaga masa ƙafa. Na biyu zai sayar da gona. Tsarin da ke auna asara da yawan kaya kawai ba ya ganin wannan bambancin, tun 1933 kuwa ba ya gani.

33/ Su wa aka bari a baya? Na farko, ƙananan manoma masu kai kaya kai tsaye gidajen abinci da kasuwannin mako. Kayansu sun fi tsada, amma da farashin sari na ƙasa baki ɗaya aka yi musu lissafi, sai abin da za su samu bai kai wahalar cike fom ba. Da yawansu ma ba su taɓa taka ofishin gunduma ba, ba su da lambar gona.

34/ Na biyu, masu kiwon kaji na kwantiragi. Kamfani ne ke kawo 'yan tsaki da abinci, manomi ya gina ɗaki da bashi ya yi rainon. Tunda kajin ba nasa ba ne a takarda, zagayen farko bai san da shi ba, sai a 2021 aka sa shi. Ku kwatanta da ɗan rabon audugar 1933. Mai aikin daban, mai suna a takarda daban.

35/ Na uku, 'yan ƙwadagon gona. An ayyana su a matsayin ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, suka ci gaba da tsinkar 'ya'yan itace kowa na kulle. Amma kaso mai yawa a cikinsu ba su da takardun zama, don haka ko cakin da aka raba wa sauran jama'a bai same su ba. Daga baya aka fito da shirin ba su dala 600, sau ɗaya tak.

36/ Sai siyasa. Ranar 17 ga Satumba 2020, a wajen gangamin yaƙin neman zaɓe a Wisconsin, Trump ya sanar da zagaye na biyu, wanda ya kai har dala biliyan 14. Saura ƙasa da mako bakwai a yi zaɓe, Wisconsin kuma jihar madara ce da ake kai ruwa rana a kanta. Har wasiƙa mai sa hannunsa aka riƙa sakawa a kwalayen abincin agaji.

37/ Zagaye na biyu ya gyara wasu kurakuran. An faɗaɗa jerin amfanin gona, an kawo biyan dala 15 a kowace eka ga wasu nau'o'in, masu kayan lambu kuma aka koma yi musu lissafi da ainihin cinikinsu na 2019. Sai dai a daidai lokacin Chaina ta dawo sayen masara da waken suya da ƙarfi, farashi ya fara hawa.

38/ Ƙarshen lissafi: a 2020 kuɗin da gwamnati ta ba manoma kai tsaye, in aka haɗa duk shirye-shirye, ya haura dala biliyan 45. Ba a taɓa kaiwa haka ba. Ya fi kashi ɗaya bisa uku na ribar noman ƙasar gaba ɗaya. A shekarar annoba, ribar noma a Amurka ta fi ta 2019. CFAP kaɗai ya kai wajen biliyan 31 zuwa ƙarshen 2021.

39/ Baƙaƙen manoma fa? A Maris 2021 sabon ministan noma, Tom Vilsack, ya faɗa da bakinsa cewa kashi 0.1 cikin 100 na kuɗin ne ya isa gare su, wato wajen dala miliyan 21 cikin kusan biliyan 26. Ba sai wani ya hana su fom ba a wannan karon. Gonakinsu ƙanana ne, tsarin kuma girma yake biya. Wariyar jiya ta riga ta gama aikin.

40/ Gwamnatin Joe Biden ta yi yunƙurin gyara. A dokar agajin da aka sa wa hannu ranar 11 ga Maris 2021 an ware kimanin dala biliyan 4 don yafe bashin da Ma'aikatar Noma ke bin manoma baƙaƙe, 'yan asalin ƙasar, 'yan Latin da sauran tsiraru. Za a biya kashi 120: ɗari na bashin, ashirin na harajin da zai biyo baya.

41/ An aika wa mutane wasiƙu, wasu har sun fara tsara shukar bana a kan cewa bashi ya tafi. Sai manoma farar fata suka garzaya kotu a Wisconsin, Florida da Texas, suka ce rabon tallafi bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A watan Yunin 2021 alƙalai suka dakatar da biyan. Kuɗin suka maƙale sama da shekara.

42/ A Agustan 2022 majalisa ta soke sashen gaba ɗaya. Ta maye shi da biyu: dala biliyan 3.1 ga duk manomin da bashi ya shaƙe, ko wane launi ne, da biliyan 2.2 ga wanda zai iya nuna cewa ma'aikatar ta nuna masa wariya. Sai a ƙarshen Yulin 2024 aka biya na biyun, wajen biliyan 2 ga mutum sama da dubu 43.

43/ Ku auna da kanku. Kuɗin da ke bin yawan shanu da eka: an sanar a Afrilu, alat ya fara shiga a Yuni. Kuɗin da aka ce na gyaran tsohon zalunci ne: an sanar a 2021, ya bi ta kotuna da majalisa, ya iso a 2024 da wani fasali daban. Na farko yana da ofis da rijista da doka tun 1933. Na biyu daga tushe aka fara gina shi.

44/ Mu ma annobar nan ta same mu, kuma a bakin damina. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi daidai lokacin da manomi ke neman taki da iri. Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan dubu 70 na hatsi daga rumbun gwamnati. Babban Banki ya fara da naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL, amma bashi ne, kuma ta intanet ake nema.

45/ A Disambar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES, wanda ɗaya daga cikin ɓangarorinsa na manoma ne, ta hannun tsarin Fadama. Ku lura, a nan ma tsohon tsarin da ke ƙasa aka nema aka bi. Kuma ku lura da watan: damina ta riga ta wuce, an yi girbi.

46/ Ba ina cewa mu kwafi Amurka ba ne, kun dai ga irin ɓarakar da ke cikin nata. Amma ta iya biyan mutum sama da dubu 900 saboda ta san sunansu, girman gonarsu da abin da suka shuka bara. Manomi a can duk shekara yana kai rahoton shukarsa ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya.

47/ Darasi na biyu ya fi ɗaci: rijista kaɗai ba ta isa ba, sai an duba sunan wa ke ciki. In mai takardar gona kawai aka rubuta, to mai haya, mai aro, matar da ke noma a gayaunar gidan miji, da ɗan ƙwadago duk sun fita tun kafin a fara rabo. Abin da ya faru da 'yan rabon Arkansas ke nan, ya sake faruwa da masu kajin kwantiragi bayan shekara 87.

48/ Don haka duk lokacin da kuka ji an sanar da tallafin manoma, a ko'ina ne, kada ku tsaya a kan yawan biliyoyin. Ku tambaya: da wace rijista za a yi aiki, wa ya rubuta ta, kuma da me ake auna rabon, girman gona ko girman buƙata? Kyauta ce ko bashi? Zai iso kafin shuka ko bayan girbi?

49/ Nan zan tsaya. Masu noma a gida ko a ƙauye, ina son ji daga gare ku: a garinku akwai wanda ya taɓa zuwa ya rubuta sunan manoma da girman gonakinsu? In an yi, wa ya yi, kuma su wa aka rubuta? Ku ajiye amsa a ƙasa, ku kuma tura wa wanda zai amfana.